Gwaggo Mai Kitson Asabar

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi, a bakin ƙofar ɗakinta, da faifan wake a cinya tana tsinta. Maƙwabciyarta ce ta leƙo aron turmi, ta tarar da ita ta jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Kafin azahar gidan nan nata na bayan tashar Madawa ya cika maƙil. Ita ce yayar babana, ita kuma ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida. Ba ta taɓa haihuwa ba, saboda haka ni aka zaunar a tabarma ana yi wa gaisuwa.

Babana ya iso daga ƙauyenmu na wajen Allakaye a bayan babur, rawaninsa duk ya warware. Shi musulmi ne, ita Kirista, sun kuma tsufa suna gardama a kan haka ba wanda ya kayar da wani. Ya tsaya a kanta ya ce, "Yaya, ko nan ma sai da kinka riga ni." Ya koma zaure ya zauna yana share ido da bakin rawani. Limamin unguwa ya zo ya gaisa da fasto, ya ce tun da suka haɗa katanga da ita bai taɓa jin an kawo ƙararta ba. Matan majami'a suka jeru gefe guda suna waƙa a hankali. Ga kuma tsofaffin amarenta, matan da ta yi wa kitson aure, waɗansu yanzu har da jikoki, kowacce na ba da labarin nata kan. Wata hajiya tana kuka tana cewa, "Hannunta zahi gare shi! Ran da tay yi min kitson doka kwana ukku ban iya dariya ba, amma dut unguwa sai da anka zo kallo." Aka yi dariya ana sharar hawaye, aka ci gaba da shigo da kwanonin abinci.

Akwai waɗanda ba su shigo ba. A waje, ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida, mata biyar suna zaune a ƙasa sun haɗa kai. Biyu kutare ne. Ɗaya hankalinta ya taɓu tun da ɗanta ya ɓace a hanyar Libiya. Ɗaya mijinta ya mutu da ciwon nan da ba a son faɗin sunansa, ita ma aka ce tana ɗauke da shi. A tsakiyarsu akwai mai farfaɗiya, wadda nake kira ƙaramar gwaggo. Waɗannan su ne matan da Gwaggo ke yi wa kitso kowace Asabar, don babu wata makitsiya a garin da za ta ɗora kansu a cinyarta. Ba wanda ya hana su shiga, ba sai an hana su ba. Sun san da sun taka ƙofar nan tabarmi za su fara yin fili. Wata baiwar Allah ta tausaya musu ta kai musu ruwa, amma a tsohon gwangwanin tumatir. Daga inda nake zaune ina hango su ta zaure. Na ga gwangwanin, na kuma san abin da Gwaggo za ta yi da tana da rai, amma ban tashi ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Ina so a san wace ce ta tafi, ina kuma so in faɗi gaskiya a kan abin da ke tsakanina da ita, don ban ga amfanin yabon mamaci da bakin da ya ɓoye laifinsa ba.

Mako biyu kafin rasuwarta ta aika aka kira ni. Na same ta tana wanke matsefai a ruwan zafi, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ɗiyata, gidan ga na dangin mijina na. Ran da nim mutu za su amshe abinsu, kuma ba su yi laihi ba. Asabar ba ta da wurin zamnawa sai shagonki."

Na ce, "Gwaggo, bari mu gani."

Ta ce, "Ni ban da lokacin gani. I ko a'a?"

Sai wayata ta yi ƙara, na sami hanyar zamewa, na ce ana jirana zan dawo. Ban dawo ba. Ni ma makitsiya ce, a hannunta na koya, ina da shago a bakin titi mai madubi da kujeru da meshi, wato gashin ƙari, kala-kala. Matan ma'aikata ke zuwa wurina, da amare in an kwashe albasa an fara bukukuwa. Daga shagon nan 'ya'yana ke ci, daga nan suke zuwa lakwal, wato makaranta. A Madawa kuwa ba a buƙatar shela, ya isa mace ɗaya ta ce ta ga kuturwa a kujerata. Wannan shi ne abin da Gwaggo ta roƙe ni, ta kuma san sarai abin da take roƙo.

Ba daga sama wannan hali ya faɗo mata ba. Kakanmu ya mutu yana riƙe da tsafin gidansu, babana ya musulunta yana saurayi, ita kuma ta auri wani manomin albasa Kirista ta karɓi bangaskiyarsa, ta kuwa riƙe ta fiye da shi. A ƙauye ba a doke ta ba, ba a kore ta ba. Kawai dai mata suka daina kawo mata kai, kuma babu wadda ta yarda ta taɓa nata. Ta sha ba ni labarin. "Shekara guda kaina a tsehe," in ji ta. "Ina lalube da hannu in kama shi ta baya, in ɗamre kallabi har gira. Yunwa na san ta, zazzaɓi na san shi, amma ban san akwai ciwon da ya kai a ce ba mai taɓa ka ba." Da suka dawo Madawa hannunta ya jawo mata mutane. Mai son shuku ya tsaya cak ba ta tambayar wace majami'a makitsiya ke zuwa.

Wanda bai zauna gaban Gwaggo ba bai san matsa ba. Gwiwoyinta biyu za ta kafa miki a kunnuwa, in kika motsa ta ƙwanƙwasa miki matsefi a ƙeya, ko ke matar wa ce. Tana kitso tana gunaguni da waƙoƙin majami'a, rabi waƙa rabi faɗa. Makitsiya tana jin sirrin gari kaf, amma abin da ya shiga kunnenta ya shiga rijiya. In mace ta fara gulma sai ta ja gashin da ɗan ƙarfi ta ce, "Duƙa, ba ni ganin tsaga." Kowane kai ta gama, sai ta wanke matsefi da tsinke da ruwan zafi da sabulu, na matar mai kuɗi da na mai talla duk ɗaya. Gashin da ya zube kuwa a tattara shi a zuba a wani rami da ke gindin katanga a rufe da ƙasa, kamar yadda aka saba, don kada ya faɗa hannun mugu. Rami ɗaya ne na kowa da kowa. In aka yi mata ƙorafi sai ta ce, "Kai kai na."

Ba zan ce waliyyiya ce ba, za ta tashi ta ƙaryata ni. Bakinta kaifi gare shi. Rowar man shanu gare ta, da ɗan yatsa ɗaya take lakato shi kamar magani. Wata mata ta taɓa kushe mata miyar kuka a wajen suna, har Gwaggo ta mutu ba ta manta ba, in sun haɗu sai ta tambaye ta ko har yanzu harshenta bai warke ba. Ko fasto bai tsira ba. Wata shekara matan majami'a suka shirya tara tsofaffin zannuwa a raba wa marasa galihu, aka kira ta a kan ta kawo nata. Ta miƙe a tsakiyar taro ta ce, "Tsumma kowa na iya badawa, ba shi da nauyi. Wa za shi zamna kusa da su ran Lahadi?" Lahadin da ta biyo ta ja bencinta da kanta, ƙiiii, daga sahun gaba har bakin ƙofa inda kutaren nan biyu ke rakuɓewa, ta zauna a tsakaninsu. Fasto ya same ta bayan an tashi ya ce a bi abin a hankali, mutane ba su saba ba. Ta ce, "Ubangijin da kake yi muna wa'azi nai, da hannu yat taɓa kuturu, ba da sanda ba. Ko ni ban ji daidai ba?" Fasto mutumin kirki ne, ya yi dariya ya ce ta ji daidai. Daga baya shi ma matarsa ta koma can ta zauna.

Ina wurin ranar da ta gamu da ƙaramar gwaggo. Mun je famfo da bidon, jarkar ɗiban ruwa, layi ya yi tsawo, sai wata mata a gabanmu ta saki ƙara ta zube ƙasa tana karkarwa, kumfa na fita a bakinta. Nan take aka watse aka yi mata da'ira daga nesa. Wasu na cewa iska ce, wasu na janye yara, don an ce in miyau ɗinta ya taɓa ka ka kamu. Ni ma na ja da baya, har na bar takalmi ɗaya. Gwaggo ta ajiye bidon ta kutsa, ta ture duwatsun da ke kusa, ta juya matar ta kwantar da ita a gefe, ta ɗora kanta a cinya tana goge mata baki da gefen zaninta. Kallabin matar ya zame. Gashinta ya dunƙule ya zama abu ɗaya, kamar tsohuwar igiyar da aka bari a ruwa. A hannunta na dama akwai babban tabon ƙuna, daga baya muka ji a wuta ta taɓa faɗawa mutanen gida suna tsaye suna kallo.

Da ta farfaɗo ta ga inda kanta yake, sai ta yunƙura za ta gudu. Gwaggo ta riƙe ta ta ce, "Wa ka yi miki kitso?"

Matar ta dube ta kamar an yi mata wani yare, sannan ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Inna, ni?"

"Ke hwa. Ran Asabar ki taho gidana, bayan tasha, gida mai bedi. Kuma ba inna ba, ban kai haihuwarki ba. Yaya za ki ce."

Daga wajen Urno take. Miji ya mayar da ita gida da ciwon ya tsananta, yayanta ya kawo ta Madawa ya kafa mata bukka a gefen garkarsa ta albasa, da kofinta daban da kwanonta daban. Gari na kiranta mai faɗuwa. Gwaggo ta ce ba a kiran mutum da ciwonsa a gidanta. "Ƙanwata ta," in ji ta, ta juyo gare ni, "ke kuma gwaggonki ta, ki gaishe ta." Na gaishe ta daga inda nake tsaye. Kwana biyu aka yi ana jiƙa kan nan da mai ana warwarewa da yatsa, inda ya ƙi aka sa almakashi. Gwaggo ta kai ta likita aka rubuta mata ƙwayoyi, ta kuma zama mai tsaron shan su, in Asabar ta zo sai an nuna mata fakitin maganin ta ga ya ragu. Faɗuwar ta yi sauƙi ƙwarai, amma ba ta daina ba. Labari ya bazu, wata ta jawo wata, har Asabar ta zama tasu. Wasu masu zuwa kitso suka ɗauke ƙafa, wasu suka riƙa zuwa Talata don a sami kwana uku tsakani. Gwaggo ta san dalilinsu, ta kan ce musu matsefin dai shi ne na ran Asabar.

Yanzu ga laifina. Lokacin ina budurwa, ina zaune gefenta ina kama ƙananan kawuna, shara kuma aikina ce. Wata Asabar da yamma uwar wata amarya ta zo sa ranar kitso, ta ga matan suna tashi, ta ja ni gefe ta ce ita ba ta yarda a haɗa gashin ɗiyarta rami ɗaya da na mai faɗuwa ba, kowa ya san abin na bin gashi. Ni ma a raina na yarda da ita. Da Gwaggo ta shiga ɗaki, sai na sa kara na ture gashin ƙaramar gwaggo gefe, na kai bayan madafa na jefa a garwashi. A wurinmu ba a ƙona gashin mai rai. Na sani, na dai ɗauka ba wanda zai gani. Na manta gashi ba ya ƙonewa a ɓoye, kafin in juyo ƙaurin ya cika gida.

Ƙaramar gwaggo tana bakin zaure tana ɗaura kallabi. Ta tsaya, ta shaƙa, ta dubi inda aka share, ta dube ni da karan a hannuna. Ta sa kai ta fita.

Gwaggo ta fito ta ce, "Mi kinka ƙone?"

Na ce tsumma ne.

"Shekara nawa ina kitso, ki ce ban san ƙaurin gashi ba? Na wa na?"

Na fashe. Na ce mata ta kashe sana'arta tana so ta kashe tawa, na ce mutane suna yi da mu, na ce in tana son lada ta ba su hatsi ta bar kawunan mutane su huta. Ta bar ni har na gaji. Na yi zaton mari zan sha, da ma shi ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce a hankali, "Abin da anka yi min a ƙauye shi na kinka yi mata, a gidana, da hannun da nik koya ma aiki." Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Asabar uku ƙaramar gwaggo ba ta zo ba. A ta huɗu Gwaggo ta ɗauki sandarta ta taka har garka ta taho da ita. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, matan duk suna zaune, ni ma ina nan. Maimakon ta hau kujerar kitso, sai ta zauna a ƙasa, ta cire kallabinta, ta miƙa wa ƙaramar gwaggo matsefi ta ce, "Hau. Yau ke za ki yi min." Ita ta ce ba ta iya ba, hannunta na dama ma ba ya miƙewa sosai. Gwaggo ta ce za ta koya a kanta. Ta kwantar da kai a cinyar matar da gari ke gudu, ta lumshe ido. Kitson da ya fito abin dariya ne, tsaga ta nufi gabas ta ƙare a arewa. Da shi Gwaggo ta je majami'a, da shi ta je kasuwa, kallabi a ture baya don kowa ya gani. In aka tambaye ta wa ya yi wa babbar makitsiyar Madawa wannan aika-aika sai ta ce, "Ƙanwata. Tana koyo."

Tun daga ranar har ta koma ga Allah, ƙaramar gwaggo ce ke yi mata kitso, ni ba ta sake ba ni kanta ba. Wannan ya ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa. Bayan na yi aure na buɗe shagona, muna gaisawa, ina kai mata cefane, tana goya mini yara, amma ranar Asabar ba na bi ta bayan tasha. Ba ta ƙara tayar da maganar ba sai ran da ta aika aka kira ni.

Aka yi jana'iza, aka yi kwanakin zaman makoki, baƙi suka watse. Dangin mijinta suka zo da mutunci suka ce in kwashe abin da nake so, suka sa wa ƙofa kwaɗo. Asabar ta farko na buɗe shago na yi ta aiki kamar an aiko ni, na gaya wa kaina ai makoki bai ƙare ba. Asabar ta biyu na ce sai na yi shawara da maigidana. Da na yi, ya ce shagona ne, kuma gwaggona ce, shi ba zai sa baki ba. Na so ƙwarai ya hana ni, da na sami wanda zan ɗora wa.

Ranar Lahadi na ga ƙaramar gwaggo a bakin ƙofar majami'a. Ita ba Kirista ba ce, tana sallarta, Gwaggo kuma ba ta taɓa matsa mata ba. Ta zo ne kawai ta zauna a waje kusa da inda bencin yake. Kallabinta ya ɗan zame, na ga kitson ya tsufa ya yi buzu-buzu, amma na gane hannun. Zane ne ƙanana, tsaga miƙe kamar an ja da zare. Kitson Gwaggo na ƙarshe ke nan a duniya, yana kan matar da na ƙona wa gashi. Ban ji komai daga wa'azin ranar ba.

Asabar da sassafe na hau kabu-kabu zuwa garka. Na same ta tana saƙar tabarma a ƙofar bukka. Na durƙusa na gaishe ta yadda ake gaida gwaggo, na ce na zo in tafi da ita shago.

Ta ci gaba da saƙarta. Can ta ce, "Ba ni son a kwance shi. Shi kaɗai yar rage min."

Na ce, "In ya daɗe zai cinye miki gashi, kin san da tana nan faɗa za ta yi."

Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "In kin tsehe, ina za ki kai abin da yaz zube?"

Shekara da shekaru ina jiran wannan tambaya ina gudunta. Na ce mata na yi mata laifi, na san laifi ne tun ina yin sa, ta yafe mini. Na ce akwai rami a bayan shago, guda ɗaya ne. Ba ta ce ta yafe ba. Ta naɗe tabarmar, ta shiga ta ɗauko mayafi.

A shago muka tarar da mutum uku suna jirana a benci: matar wani babban dillalin albasa, da wata uwar amarya da ɗiyarta. Ƙaramar gwaggo ta nufi bayan shago, na riƙo hannunta na shigo da ita ta gaba. Na ce musu su yi haƙuri, gwaggona ce, ita ce ta fari. Uwar amarya ta gane ta, na ga fuskarta ta canza. Na shimfiɗa tabarma na hau kujera, na kafa gwiwoyi, na sa tsinke a kitson Gwaggo na fara warwarewa. Kowane layi na kwance sai na ji kamar yau ne ake fitar da gawar Gwaggo daga gida. Ina tsifa ina kuka, ita ma kafaɗunta na rawa.

Na wanke, na shafa mai, na yi rabin kai. Sai na ji wuyanta ya sandare a tsakanin gwiwoyina. Ta saki ƙarar nan da na sani tun ranar famfo, ta karkace. Ƙarya nake in na ce ban ji tsoro ba, ƙafafuna har sun fara ja da baya da kansu. Na sauko ƙasa, na shure kujera gefe, na juya ta na kwantar, na tallafe kanta a cinyata. Miyau ya zubo mini a hannu, da ɗumi, miyau dai irin na kowa. Na goge mata baki da zanina. Uwar amarya ta fizgi ɗiyarta suka yi waje tana salati. Matar dillali ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, mutanen titi suka taru a bayanta suna leƙe.

Da abin ya sake ta, ta buɗe ido ta ga taron, ta ga tabarmar ta jiƙe. Ta fara lalubar kallabi tana cewa, "Na ɓata miki wuri. Bari in tahi, na ɓata miki wuri."

Na ce, "Rabi nig gama. Ba a hita shagona da rabin kai."

Na kawo ruwa da wani zani ta gyara jikinta a bayan labule, na canza tabarma, ta huta. Sannan ta dawo ta zauna na ƙarasa, a gaban duk mai son kallo. Da na gama na juya ta wajen madubi, don haka nake yi wa kowa. A gidan Gwaggo babu madubi, a bukka balle. Ta daɗe tana kallon matar da ke ciki, ta kai hannu ta shafa gefen kanta, ta ce, "Ashe na yi hurhura."

Na ce ta yi, kuma ta yi mata kyau.

Ta ɗaura kallabi, ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Asabar mai zuwa, in taho da su?"

Na ce, "Taho da su duka."

Sun zo. Uwar amarya ba ta dawo ba, ta kuma tafi da wasu da dama. Matar dillali ta koma zuwa Talata. Ban san ko shagon zai kai damina ba, na dai san ba zan aika kowa ta ƙofar baya ba. Allah ya ba Gwaggo hutawa a wurin Ubangijin da ta bi da hannuwanta, ya ba babana da mu duka haƙurin rashinta, ya yafe mini jinkirina. Ranar Asabar da ƙarfe takwas nake buɗewa. Wadda ta ga ba za ta iya zama benci ɗaya da su ba, masu kitso suna da yawa a Madawa.